Ƙarfe Talatin a Littafin Baƙi

SHAFI NA 7

Ku yi min afuwa kafin mu fara. Ni ba marubuciya ba ce, makaranciya ce kawai da ta karanta littattafan mutane har ƙarfin hali ya ɗebe ta. Wannan ne labarina na farko, kuma sau huɗu ina goge shafin nan kafin na iya turawa. Ke kuma da kika rubuto min cewa in na sa aka kama Baba Akawu za ki daina bi na, na ga saƙonki tun jiya. Ki karanta dai, 'yar'uwa.

Waɗanda suka shigo yau, ga inda muke. Goggona tsohuwar nas ce, kowa Sista yake ce mata. Shekara bakwai da suka wuce ta buɗe wata 'yar gidauniya da kuɗin sallamarta, ana biya wa masu ciwon daji kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin magani. Baba Akawu, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ke riƙe da littafin kuɗi. Ni kuma nawa shara da buga takardu. Kamfani ɗaya ya rage mana mai ba da tallafi, shi ma ya turo odita, wata mai binciken lissafi, ya ce sai ta sa hannu zai sake ba da ko kwabo. Yau kwananta uku a ofishinmu.

*

Odita ta rufe littafin kuɗin a hankali, ta ɗora biro a kai.

"Sista, ina da magana. Ban sani ba ko a gaban yarinyar nan za a yi."

"'Yar ƙanena ce," in ji Goggo. "Kuma ba ta magana. Littafi kaɗai ya san muryarta. Faɗi abin da ke bakinki."

Na ƙara maƙalewa a kan bencin bakin ƙofa. Ofishin namu ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani. Tebur biyu, kabad ɗaya mai ɗingishi, da fanka da ke kuka kamar ana matse ta. Babu inda mutum zai ɓuya.

Odita ta jera takardu bakwai a kan tebur, kowace shekara da tata.

"Shekarar farko majinyata shida, kuɗinki ne, ba matsala. Ta biyu da ta uku kun samu manyan masu tallafi uku, har rara kuka yi. A ta huɗu biyu suka janye."

"Na sani. Ni na karanta wasiƙunsu."

"To daga nan ne hankalina ya kasa kwanciya. Abin da ke shigowa ya ragu da fiye da rabi, amma majinyata suka yi ta ƙaruwa. Yanzu talatin da huɗu ne. A shekara ta biyar kun kashe dubu ɗari huɗu sama da abin da kuka samu. A ta shida dubu ɗari tara. Bana miliyan ɗaya da rabi."

Goggo ta juya ta kalli Baba Akawu. Shi kuwa hularsa ya cire yana jujjuya ta a kan gwiwa.

"Miliyan biyu da dubu ɗari takwas ke nan," Odita ta ci gaba. "Kun kashe kuɗin da babu inda aka rubuta shigowarsu. Abu biyu ne. Ko rasit ɗin nan na ƙarya ne, ko an ci bashi da sunan gidauniya an ɓoye."

"Rasit ɗina gaskiya ne," in ji Baba Akawu. "Bashi kuma ko na allura ba a bin mu."

"To kuɗin daga ina, Baba?"

"Allah ne ya rufa asiri."

"Na yarda da Allah, Baba. Amma fom ɗina ba shi da wannan layin."

Ba wanda ya yi dariya. Goggo ta jawo kujerarta har gwiwarta ta kusa taɓa tasa.

"Akawu, kalle ni. Shekara talatin ke nan da sanin juna. Gidanka ka sayar?"

"Gidan haya nake, Sista, kin fi kowa sani."

"Babur ɗin fa?"

"Wa zai sayi wannan babur? Sai dai in biya a ɗauke min shi."

"To ka faɗa min."

"Ba zan iya ba."

"Ni za ka ce wa ba za ka iya ba?"

"Ke ce ma wadda ba zan iya faɗa wa ba."

Goggo ta haɗa hannuwanta a kan cinya. Na san wannan zaman. Shi take yi kafin ta sanar da dangi cewa majinyaci ya cika.

Odita ta duba agogonta.

"Ƙarfe huɗu zan tura rahoto. In ban ga tushen kuɗin nan ba, haka zan rubuta. Ba ni da hannu a abin da zai biyo baya, amma na san abin da zai biyo."

Mu ma mun sani. Ranar Litinin mutum huɗu ke da layin ƙarin magani a asibiti. Ɗaya malamar firamare ce, saura mata zagaye biyu ta gama. In aka tsallake, sai a koma baya.

Ni dai ina da wata ɗabi'a da ba na alfahari da ita. In tsoro ya kama ni, karatu nake yi. Ko bayan kwalin magani ne, ko takardar da aka ƙunso min sabulu. Abin da ke kusa da ni a lokacin shi ne littafin baƙi, wanda ke ajiye a kan ɗan teburin bakin ƙofa, da bironsa ɗaure da zare. Gida huɗu ne a kowane layi: kwanan wata, suna, sa hannu, lokaci. Baƙo ya cike uku na farko, Baba Akawu ya cike lokaci da jan biro, don ya ce mutane ba su iya duba agogo ba.

Na buɗe watan jiya. Na ga sa hannuna. A gabansa, da jan biro, an rubuta 2:00.

Na tsaya.

Ranar nan da safe na zo, ko takwas ba ta yi ba. Na tuna sarai, don mai kantin ƙasa bai ma buɗe ba.

A nan dole in faɗa muku abin da na ɓoye muku tun shafi na ɗaya. Mamana tana cikin majinyatan gidauniyar nan. Wata goma sha ɗaya ana biya mata mota da magani, kafin Allah ya karɓi abarsa, bara waccan. Tun daga nan, duk ƙarshen wata nakan cire dubu biyu daga kuɗin da nake tarawa na sayen littattafai, in naɗe a takarda, in miƙa wa Baba Akawu, in roƙe shi kada Goggo ta ji. Ba ya cewa komai sai, "Sa hannu a littafin baƙi, Tabarau." Haka suke kira na saboda gilashin idona. Na ɗauka rigimar tsufa ce, mutum yana aiki a wuri a ce masa baƙo.

Me ya sa kada Goggo ta ji? Ku ɗaga kai ku kalli bangon da ke bayan teburinta. Akwai kwali da ta rubuta da hannunta tun ranar buɗewa: BA A KARƁAR KO SISI DAGA MAJINYACI KO DANGINSA. Lokacin tana aiki ta ga mutane suna sayar da katifar da suke kwana a kai don biyan magani, ta rantse ba za a yi haka a wurinta ba. Na taɓa ganin ta bi wani dattijo har ƙasan matakala da ambulan ɗinsa, ta cusa masa a aljihu a gaban jama'a.

Dubu biyu. Ƙarfe biyu.

Na koma watan da ya gabace shi. Sa hannuna, 2:00. Na duba na sama da ni, 5:00. Na ƙasa, 10:00. Na juya shafi. 1:50. 7:00. Sai can ƙasa na ga 30:00.

In na yi magana na tona Baba Akawu, na tona kaina. In na yi shiru, ƙarfe huɗu na zuwa.

"Goggo," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryar.

Ba wanda ya waiwayo.

"Goggo, ƙarfe nawa muke tashi?"

"Tabarau, wannan wace irin tambaya ce a wannan lokaci? Huɗu."

"To akwai wanda ya zo ƙarfe talatin."

Duk suka juyo. Ji na yi kamar in shige ƙarƙashin bencin. Odita ta miƙo hannu, na kai mata littafin. Ta bi layin jan biron da yatsa, ta juya shafi, ta sake juyawa.

"Baba," ta ce, "agogon wace ƙasa ne yake kaiwa ƙarfe talatin?"

Baba Akawu ya mayar da hularsa ka. Ya kalle ni ta saman gilashinsa.

"Ido huɗun nan naki ba na ado ba ne ashe. Kin kashe ni, 'yar nan."

"Yi haƙuri, Baba."

"Wani ya yi min bayani," in ji Goggo.

Ya ja numfashi.

"Ba lokaci ba ne, Sista. Kuɗi ne. Biyar dubu biyar, talatin dubu talatin. Ɗaya da hamsin, dubu ɗaya da ɗari biyar."

"Kuɗin wa?"

"Na mutanenki. Waɗanda suka warke, da dangin waɗanda suka rasu."

Goggo ta miƙe tsaye. Kujerar ta faɗi a bayanta, ba ta ko kalle ta ba.

"Ka karɓi kuɗin majinyatana?"

"Ban taɓa roƙa ba."

"Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

"Na karɓa."

"A ƙarƙashin kwalin can? Kana zaune kana kallonsa kullum?"

"Shi ya sa na juya teburina ya kalli taga."

Odita ta rufe bakinta da hannu. Goggo ba ta ga abin dariya ba.

"Shekara guda bayan manyan masu tallafi sun janye," Baba Akawu ya ce, "ranar da kika tafi asibiti da yaron nan mai ciwon ƙashi, a akwati saura dubu shida. Sai ga mai gyaran takalmin nan da kika yi jinyar matarsa. Ya ajiye dubu uku ya ce in na mayar masa ba zai sake taka nan ba. Da kuɗin aka kai mutum biyu asibiti washegari. In na rubuta a littafin kuɗi za ki gani, don duk ƙarshen wata kina duba shafin shiga ki rubuta wasiƙun godiya. In ban rubuta ko'ina ba, na zama ɓarawo a wurin Allah. Littafin baƙi ne kaɗai ba kya buɗewa, kin ce kin san kowa."

"Sai ya gaya wa wasu."

"Ni ban sa shi ba. Amma kin san layin asibiti, ba abin da ba a faɗa a can."

Ana cikin haka aka yi sallama daga matakala. Mai Ɗinki ce, wata mata mai faɗin murya da aka yi wa aikin ciwon dajin mama shekara huɗu da suka wuce. Ta shigo tana haki, ambulan a hannu. Tana ganin Goggo ta cusa shi a ƙarƙashin hammata.

"Au, Sista, ashe kina nan. Gaisuwa na zo yi."

"Gaisuwar ƙarfe nawa?" in ji Goggo.

Mai Ɗinki ta kalli Baba Akawu. Ya ɗaga mata hannu biyu, alamar an gama.

"To tunda an gama, ta ƙarfe bakwai ce," ta ce, ta ciro ambulan ta ajiye a tebur. "Wannan watan ciniki ya yi kyau."

"Ɗauki abinki."

"Ba zan ɗauka ba."

"Kin iya karatu. Karanta bangon can."

"Na karanta. An ce majinyaci. Ni majinyaciya ce? Ba ke kika rungume ni a bakin asibiti kika ce min na warke ba? Ko ƙarya kika yi min?"

Mai Ɗinki ta matso kusa da teburin.

"Sista, bari in faɗa miki gaskiya yau, ko ki kore ni. Wata goma sha huɗu ina hawa matakalar nan ina miƙa hannu. Kin san nauyin wannan? Ba ki taɓa nuna min ba, Allah ya saka miki. Amma ni na ji shi. Ranar da na fara hawowa da abu a hannuna, ranar na san na tashi daga ciwo. Kina so ki mayar da ni layin masu karɓa har in mutu?"

Fanka ta ci gaba da kukanta. Goggo ta ɗaga kujerarta da ta faɗi, ta zauna a hankali.

Odita ta gyara murya.

"Labari ya yi daɗi, amma ni lamba nake nema. Baba, littafin nan na bana ne kaɗai. Ina sauran?"

Ya nuna kabad. Littattafan baƙi biyu na shekarun baya su ne aka tokare ƙafarta mai ɗingishi da su. Ni da Mai Ɗinki muka ɗaga kabad ɗin, Baba ya zaro su yana kaɗe ƙura.

"Miliyan ɗaya da wani abu kuka sa a ƙarƙashin kabad," in ji Odita.

"Ai bai taɓa ɓata ba," in ji shi.

Ta ce in zo in riƙa karanto mata jan biron, ita tana dannawa a kwamfuta. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban mutane ba. Awa ɗaya da rabi ina karanta lambobi. Biyar. Biyu. Ɗaya da hamsin. Goma. Duk inda na zo kan nawa sai in karanta da sauri, in rufe sunan da babban yatsa. Ƙarfe uku ta wuce. Uku da rabi ta wuce.

Ta danna na ƙarshe. Ta daɗe tana kallon allon.

"Bai yi daidai ba."

Ta juyo mana da allon.

"Giɓin miliyan biyu da dubu ɗari takwas ne cif. Littafin baƙi ya ba ni miliyan biyu da dubu ɗari takwas da goma sha ɗaya da ɗari biyar. Akwai dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar da suka shigo, ba su fita ba."

Baba Akawu ya sunkuya, ya jawo durowar ƙasa, ya fito da wani tsohon gwangwanin madara. Ya zazzage shi a gabanta. Ta ƙirga sau biyu.

"Goma sha ɗaya da ɗari biyar," ta ce.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Mai Ɗinki ta yi ta hamdala tana fifita da mayafinta. Baba Akawu ya cire gilashi yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, alhali ba abin da ya same shi.

"Ku saurare ni," in ji Odita. "Ba zan ce kun yi daidai ba. Zan rubuta cewa an shekara uku ana ajiye lissafi a inda bai kamata ba, kuma kafin wata ya ƙare ina son komai ya koma littafin kuɗi, kowa a ba shi rasit. Baba, lokaci kuma daga yau lokaci ne."

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Amma zan sa hannu. Kuma zan ƙara wani abu. Na duba ƙungiyoyi da yawa irin taku. Yawancinsu wasiƙa ɗaya daga mai tallafi ke rufe su. Ku kuwa kuna da mutum arba'in da ɗaya da ke kawowa, bara ashirin da shida ne, shekarar da ta gabace ta goma sha biyu. A takarda na zo na same ku kuna mutuwa. Ashe ƙiba kuke yi a ɓoye."

"Litinin fa?" Goggo ta tambaya.

"A kai su asibiti, Sista."

Goggo ta rufe fuskarta da tafin hannu. Da ta buɗe, Baba Akawu ta kalla.

"Ban yafe maka ba tukuna."

"Ban yi tsammani ba kafin sati biyu."

"Wata guda."

"An rage min, da na ɗauka shekara ce."

Ta ɗaga kai ta kalli kwalin da ke bango. Ba ta cire shi ba. Ta dai ce wa Mai Ɗinki, ba tare da ta dube ta ba, "Ki tsaya a rubuta miki rasit." Mai Ɗinki ta yi murmushi har kunne, ta zauna ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar ita ce mai kamfanin.

Da a nan abin ya tsaya, da na kwana lafiya. Sai Goggo ta miƙa hannu.

"Ba ni littafin bana. Mutum arba'in da ɗaya, ko wasiƙar godiya ɗaya ban rubuta musu ba. Ina son in san su."

Ta sa tabarau ɗinta, ta buɗe watan jiya, ta ɗora yatsa a layin farko. Ta fara karantawa a fili, tana tsayawa a kan kowane suna.

"Mai gyaran takalmi. Allah sarki, har yanzu. Direban tasin nan, wanda ya rantse ba zai sha magani ba sai da na zage shi. Mijin matar nan da ta rasu bara, talatin? Ina ya samu talatin? Wannan kuma 'yar mai wanki ce, ita da ko takalmi..."

Na san shafin. Na ƙirga daga inda nake zaune. Saura layi huɗu ta kai kan sunana.

Odita na bugun rahotonta. Baba Akawu na neman littafin rasit a durowa. Mai Ɗinki na leƙen kafaɗar Goggo tana ƙara bayani a kan kowa. Na miƙe a hankali, na ɗauki jakata da littafin da nake karantawa, na cire takalmana na riƙe a hannu don matakalarmu ta katako ce.

Saura layi biyu na fita.

Ina kan mataki na uku daga ƙasa, na ji muryar Goggo ta tsaya.